Babi na 6: Ruwan da Ya Kwana a Tafki

Kogin Aare ɗaya ne a taswira, amma a jikin mai iyo koguna uku ne. Yana tasowa ne daga daskararriyar ƙanƙarar tsaunukan Grimsel da ke tsakiyar ƙasar Suwizalan, inda ƙanƙarar ta shekara dubbai tana niƙa dutsen da ke ƙarƙashinta. A can ruwan fari-fari ne saboda garin dutse, sanyinsa kuwa kaɗan ya rage ya daskare. Ka tsoma hannu, kafin minti guda ƙashi ya fara ciwo. Daga nan ya gangaro ya faɗa tafkin Brienz, mai zurfin kusan mita 260. Ragowar garin dutsen da bai kwanta ba shi ke ba tafkin launin nan tsakanin shuɗi da kore da masu ɗaukar hoto ke rububi. Kyau dai ba a magana, amma ko a tsakiyar watan Yuli da wuya samansa ya daɗe a kan digiri 20. Sai kogin ya fita, ya ratsa garin Interlaken, ya sake shiga wani tafkin, na Thun. Can ne yake hutawa. Laka ta kwanta, rana ta gasa samansa, kuma daga saman nan mai ɗumi ne ruwan ke malala ya nufi birnin Bern, tafiyar kusan kilomita 30. A Bern ɗin ne za ka ga ma'aikatan gwamnati sun tashi daga ofis da yamma, sun cusa kayansu a jakar da ruwa ba ya shiga, sun faɗa kogi.

Har da hannun mutum a wannan garai-garai da ruwan Bern yake yi. A da, kogin Kander, wanda shi ma daga ƙanƙarar tsauni yake fitowa, yana haɗuwa da Aare ne a ƙasan garin Thun, yana jibge masa tsakuwa da laka, yana jawo ambaliya. Tsakanin 1711 da 1714 aka fasa tudu aka karkatar da shi ya riƙa zuba cikin tafkin. Masu aikin, gonaki da ƙauyuka suke son cetowa, ba su da wani tunanin masu iyo, kuma mutanen Thun sun sha wahalar ƙarin ruwan shekaru da yawa bayan haka. Amma tun daga lokacin, kusan duk ruwan ƙanƙarar da zai wuce ta Bern sai ya fara kwana a tafki.

Tambayar farko ke nan da ɗan ƙasa yake yi wa ruwa kafin ya cire riga: daga ina ka fito, kuma ina ka yada zango a hanya? Baƙo da ido yake zaɓe. Inda ya fi kyau a hoto nan ya nufa, alhali a tsaunukan Alp kyawun ruwa da sanyinsa sau da yawa uwarsu ɗaya. Wanda ke son ganin wannan ƙuru-ƙuru ya je birnin Jeniba, ya tsaya a kan gadar da ke saman wurin da ake kira La Jonction. Ta gefe guda kogin Rhone ne, tas da shi, ya fito daga tafkin Jeniba. Ta ɗaya gefen kogin Arve ne, ruwan toka, ya sauko kai tsaye daga kwarin Chamonix a gindin Mont Blanc ba tare da ya ratsa wani babban tafki ba. Sukan yi tafiya kafaɗa da kafaɗa kowa da launinsa kafin su gauraya. Shi ma Rhone ɗin da lakarsa da sanyinsa ya shiga tafkin ta gabas, sai dai ruwan da ya shiga tafkin Jeniba yakan yi kimanin shekara 11 kafin ya fita. Matasan birni a ɓangaren Rhone suke iyo, kuma sun san su fito kafin mahaɗa, domin mai iyon da ya zarce zai tsinci kansa a ruwan da ya fi wanda ya baro sanyi nesa ba kusa ba, cikin 'yan daƙiƙu.

Tafkin ma da ya ɗumama ruwan, ɗumin nasa na sama ne kawai. Ruwa ya fi nauyi a digiri 4, saboda haka mai sanyi yakan kwanta a ƙasa, mai ɗumi ya hau kansa, su ƙi cakuɗuwa duk tsawon watannin zafi. A tafkin Jeniba, mai zurfin mita 310, sama na iya kai digiri 24 a Agusta alhali can ƙasa kusan 6 ne kawai. Ba sai ka je ƙasan ba. Mai iyo da ya tsaya a tsaye cikin ruwa a farkon Yuni yakan ji ƙirjinsa a ɗumi, ƙafafunsa a wata duniya dabam. Wanda ya yi tsalle daga kan dutse ko daga kwale-kwale kuwa ya huda bargon ɗumin gaba ɗaya.

Akwai kuma siffar gaɓar. Manyan tafkunan Alp ƙanƙara ce ta kwarzane kwarinsu, don haka da yawansu suna da ɗan dandamali marar zurfi a baki, sannan ƙasa ta yanke ta gangara. Daga tudu ana iya ganewa: inda launin ruwa ya tashi daga haske zuwa duhu a layi guda, nan ne bakin gangaren. Wanda bai iya ruwa ba, yana tafiya ruwa iya cibiya yana murna, taku biyu ya ishe shi ya rasa ƙasa. Bakin kogin da ke zuba cikin tafki shi ma wurin gudu ne, ko da yashinsa ya fi ko'ina laushi, domin ruwan kogin mai sanyi da laka ya fi na tafkin nauyi, nitsewa yake yi ƙasa da ƙarfinsa. Iska ma tana da tata rawar. Idan ta kwana biyu tana kaɗawa daga kudu maso yamma a tafkin Jeniba, sai ta kore ruwan ɗumi zuwa gabas, na ƙasa ya taso ya maye gurbinsa a bakin birnin. Rana na nan tana ƙuna, amma wurin da ka yi wanka shekaranjiya ya koma abin da ba ka iya minti biyar a ciki.

Mutum zai zaci tsayin wuri ne ke yanke hukunci, tunda iska na rage kusan digiri 6 da rabi a duk mita 1,000 da aka hau. Lissafin ba ya tafiya haka a ruwa. Tafkin Oeschinen, a mita 1,578, ƙoramun ƙanƙara ne ke ciyar da shi, kuma yawancin masu shigarsa tsoma jiki suke yi su fito da gudu. Lej da Staz kusa da St. Moritz ya fi shi tsayi, mita 1,809, amma ƙarami ne, ba zurfi, yana kwance cikin fadama, ruwansa mai duhu yana shan rana, kuma iyalai da 'ya'yansu ke cika shi. A kudancin Ostiriya, a jihar Karintiya, tafkin Klopein yakan kai digiri 28, saboda ruwan da ke shiga da fita kaɗan ne, tuddai kuma sun tare masa iska. Ƙaramin tafki marar kogin ƙanƙara a bayansa, shi ne na mai yara.

Me ya sa ake ta nanata zancen sanyi? Yawancin waɗanda sanyi ya halaka a waɗannan ruwaye ba su daɗe a ciki har jikinsu ya sandare ba. Minti na farko ne mugu. Da fata ta haɗu da ruwan da bai kai digiri 15 ba, mutum yakan ja numfashi da ƙarfi ba da son ransa ba, ya shiga haki, zuciya ta hau bugu. In kansa na cikin ruwa a lokacin, ruwan zai shaƙa. In ya tsallake wannan, bayan 'yan mintoci hannaye da ƙafafu su fara mutuwa, ƙwararre ya koma ɗan koyo. Ga shi ruwan daɗi ba ya ɗaga jiki kamar na teku. Ƙungiyar ceton masu nutsewa ta Suwizalan, SLRG, wadda aka kafa a 1933, ta sa wannan cikin ƙa'idojinta shida na wanka: kada wanda rana ta gasa ya yi tsalle cikin ruwa, ya shiga a hankali jiki ya saba. A ƙasar, kusan mutum 50 ne ke nutsewa a shekara, mafi yawansu maza, kuma kusan duka a tafki ko kogi. Baƙi suna da kaso mai tsoka a ciki, shi ya sa aka fassara ƙa'idojin zuwa harsuna da dama, har da Larabci da Tigirinya.

A ganina babu wurin da ya kai kwarin Verzasca, a yankin Ticino mai magana da Italiyanci, iya yaudara. A ƙauyen Lavertezzo akwai tsohuwar gadar dutse mai baka biyu, Ponte dei Salti, ƙarƙashinta ruwa kore shar yana bi ta cikin duwatsun da ya goge suka yi sumul. A 2017 wani gajeren bidiyo da ya kwatanta wurin da tsibiran Maldives ya karaɗe Facebook, mutanen Milan suka yi ca, har hanyar kwarin ta cushe mazauna suka fara kuka. Abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne sanyin ruwan, da santsin dutsen da ba ya ba hannu wurin kamawa, da kogunan da ruwa ya rarake a ƙarƙashin duwatsu inda yake tura duk abin da ya ɗauko. Hasken ruwan ma ruɗi ne: gurbin da ke da zurfin mita 5 sai ka ga kamar ka miƙa hannu ka ɗauki tsakuwa, wanda bai kai gwiwa ba kuma ka ɗauka zai karɓi tsalle. Ana iyo a Verzasca, kuma da daɗi, amma a gurbin da ruwa ya natsu, nesa da inda yake zubowa da inda yake ficewa.

Babban haɗarin irin wannan kwari daga sama yake zuwa. Wanda ya tashi a bakin gulbi a ƙasar Hausa ya san yadda kogi ke kawowa da damina alhali ko ɗigo bai sauka a garinsu ba. Haka abin yake a tsauni, sai dai gangaren ya fi tsanani, dutse ba ya shan ruwa, kuma bango ne hagu da dama. Ranar 27 ga Yuli 1999, hadari ya zubar da ruwa a saman kwazazzabon Saxeten kusa da Interlaken, ambaliya ta sauko kan ayarin matasa masu yawon buɗe ido da ke ciki, mutum 21 suka mutu, 3 daga cikinsu jagororin tafiyar ne. Don haka sararin da ke saman kanka ba shi ne abin dubawa ba, kan tsaunin da kogin ya fito za ka kalla. In ruwa ya fara sauya launi, ko ganye da ƙirare suka fara wucewa, ko ƙararsa ta ƙaru, a hau tudu nan take, a bar takalmi da tawul.

Wani kawowar kuma ba ruwansa da hadari. Fiye da rabin wutar lantarkin da Suwizalan ke samarwa daga ruwa ne, kuma ƙoramu da yawa da ka gani suna tafiya a hankali an tare su ne a sama. Ranar da aka buɗe ƙofar madatsa, ko aka wanke mashigar ruwa, ƙoramar takan cika cikin mintoci, rana tsaka, sama ba ko gajimare. Akwai alluna a bakin irin waɗannan wurare masu gargaɗi da harsuna da yawa. Tsibirin tsakuwa a tsakiyar kogi, wanda ya fi ko'ina daɗin shimfiɗa tabarma da hura wutar gashi, shi ne farkon abin da ruwa ke rabawa da tudu.

Zancen tsabta ya fi sauƙi a yau, ko da yake ba haka aka gada ba. A shekarun 1960 allunan hana wanka ne a bakin tafkuna da yawa, kumfa na yawo a koguna. A 1965 kashi 14 cikin 100 kacal na jama'ar ƙasar ke haɗe da matatar ruwan ƙazanta, yau kuwa kusan kowa. A 1986 aka hana sa sinadarin fosfet a garin sabulun wanki, kuma a watan Nuwamban shekarar gobara a rumbun sinadarai na Schweizerhalle kusa da Basel ta zubar da guba a kogin Rhine, kifaye suka mutu har cikin Jamus. Abin da ya biyo baya na gyara shi ya sa jikokin mutanen wancan zamani ke iyo a tsakiyar Basel. Abin da ya rage wa mai zaɓe shi ne ruwan sama: bayan an tafka shi, magudanun birni sukan cika su yi amai cikin kogi, sai a ba ruwan kwana ɗaya ko biyu.

Bakin tafki mai ɗumi, marar zurfi, mai ciyawa da agwagi, yana da nasa ɗan bala'in. Wata ƙwaya ce da ke rayuwa tsakanin agwagwa da ƙananan dodon koɗi. Idan ruwa ya haura digiri 20 sai tsutsotsinta su fito neman agwagwa, su yi kuskure su huda fatar mutum. Dangin ƙwayar tsargiya ce da muka sani a tafkuna da madatsun ƙasarmu, kuma hanyar shigarsu jiki iri ɗaya ce. Bambancin shi ne ta Alp ba ta iya rayuwa a jikin ɗan Adam, a fatar take mutuwa, ta bar ƙuraje da ƙaiƙayi na kwanaki. Maganinta a watsa ruwan famfo da an fito, a goge jiki da tawul da ƙarfi, kada a bar yara su yini a cikin ciyawar baki. Ruwan da ya yi kauri da gansakuka, kore ko ja-ja, a bar shi kawai. Wasu nau'o'inta na da dafi, kuma karnuka ne suka fi mutuwa da shi saboda suna lasa.

Duk wannan lissafi akwai hanyar gajarce shi, ita ce a tafi inda gari ya gina wurin wankansa. Jamusawan Suwizalan Badi suke ce masa, kuma da wuya ka sami garin bakin ruwa da ba shi da nasa: fili mai ciyawa, ɗakin sauya kaya, matakala, tulluna masu shata iyaka, allo da aka rubuta ɗumin ruwan ranar, sau da yawa da mai tsaro. Wasu kyauta ne, wasu 'yan faranka kaɗan. Da ɗan gari akan ci gari, kuma wurin da gari ya shekara 100 yana tura 'ya'yansa an riga an san halinsa. Daga nan ma ana hango fitilun gargaɗi masu ruwan lemo da ke kewaye da manyan tafkuna. In suna ƙyaftawa sau 40 a minti, iska mai ƙarfi na tafe. In sun kai sau 90, guguwa ce, a fito.

Ga wanda sha'anin sutura da cakuɗuwa ya dama, Zurik ta riƙe wani tsohon tsari. Frauenbad da ke Stadthausquai, ginin katako na 1888 a kan kogin Limmat, na mata ne zalla da rana, na Schanzengraben kuma, wanda ya girme shi, na maza ne. Marzili a Bern ma yana da keɓaɓɓen sashen mata. Dokar kayan wanka kuwa kowane gari da tasa. A Faransa, birnin Grenoble ya halatta rigar wanka mai rufe jiki a wuraren wankansa a 2022, babbar kotun harkokin mulki ta ƙasar ta taka masa burki a shekarar. A tambaya kafin a sayi tikiti. Abin da bai da alaƙa da siyasa shi ne nauyin tufa: doguwar riga ko wando mai faɗi in ya sha ruwa yakan naɗe ƙafa, kogi kuma ya sami abin ja. Mai son rufe jiki ya nemi wanda aka ɗinka don ruwa.

Tambaya ta biyu ta kogi ce kaɗai: ta ina zan fita? A tafki inda ka shiga nan kake komowa. A Aare ba mai komowa, komai ƙarfinsa, domin ruwan ya fi mai iyo sauri. Mutanen Bern sukan duba manhajar Aare.guru da safe, su ga lamba biyu, ɗumin ruwa da yawan da ke wucewa a daƙiƙa. Sai su ajiye kaya a Marzili, a gindin ginin majalisar tarayya, su taka a ƙafa su bi gaɓa zuwa sama, wasu har Eichholz, kusan kilomita 2. Wannan tafiyar ƙafa rabin aikin ce, domin a cikinta mutum ke ganin matakalu masu jan ƙarfen kamawa, ya ƙirga su, ya zaɓi tasa da wadda zai nema in ta farko ta kuɓuce. Ana fara matsowa gaɓa tun da nisa, a karkace, ba a jira sai an zo daidai da ƙarfen. A ƙasan Marzili akwai madatsar Schwellenmätteli, kuma ruwan da ke faɗowa daga irin wannan madatsa juyawa yake yi a gindinta ya riƙe abin da ya kama. In hadari ya sauka a tuddan da ke gabashin Thun, ƙaramin kogin Zulg, wanda ke shigowa bayan tafki, yakan turo jan ruwa da gungumen itace har Bern, ranar ba mai shiga.

A ƙarshen Mayun 2022, lokacin da ruwan bai gama sakin sanyin ƙanƙara ba, Aare ya tafi da ɗan gwamnan lardin Jawa ta Yamma na Indonesiya, saurayi ɗan shekara 22 da ya zo ziyara. Sai bayan kusan mako biyu aka ga gawarsa a madatsar Engehalde. Allah Ya jiƙansa. Baƙon da ya tsaya a kan gada yana ganin ɗaruruwan kawuna na wucewa cikin raha ba ya ganin shekarun da kowannensu ya yi yana koyon wannan kogi tun yana bin iyayensa. Wanda zai shiga karon farko ya sami ɗan gari ya raka shi, ya fara da gajeren zango, a Yuli ko Agusta.

A Basel tsarin ɗaya ne, sai ƙarin jiragen dakon kaya da ke bin Rhine har cikin birnin. Ana shiga ta kusa da gidan tarihin Tinguely, a tsaya ɓangaren Kleinbasel cikin iyakar tulluna, a nisanci ƙafafun gadoji inda ruwa ke murɗawa. Jakar nan mai siffar kifi, Wickelfisch, da kowa ke ja a bayansa, an yi ta ne don kaya su isa a bushe. Ba rigar ceto ba ce, kuma ba a ɗaura igiyarta a jiki, don kada ta sarƙe da tulu ko sarƙar jirgi ta riƙe mai ita a ƙarƙashin ruwa.